Zurfin Ƙoda da Ƙidayar Allura: Nazari a Kan Ingancin Awon Tacewar Ƙoda da Kyamarar Gamma

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin inda kuskure ke shiga awon tacewar ƙoda ta hanyar Gates. An yi lissafi da ma'aunan da hanyar ta dogara a kansu, aka gano cewa kuskuren santimita 1 wajen ƙiyasta zurfin ƙoda ya isa ya sauya hukuncin likita a kan mai son ba da kyautar ƙoda.

Gabatarwa

A 1982 Gates ya fito da hanyar auna tacewar ƙoda ba tare da ɗibar jini ba. Ana yi wa majiyyaci allurar DTPA da aka haɗa da teknishiyom-99m, a sa kyamarar gamma ta bayansa, a ƙirga hasken da ƙodoji suka tara tsakanin minti na 2 da na 3, sannan a gwada shi da abin da ya fita daga sirinji. Sauƙin hanyar ne ya sa ta karɓu, shi ne kuma ke sa a yi mata riƙon sakainar kashi.

Matsalar zurfi

Hasken teknishiyom-99m yana raguwa yayin ratsa tsoka, gwargwadon 0.153 a kowace santimita. Saboda haka dole a san nisan ƙoda daga fatar baya. Yawancin manhajoji ba sa auna wannan nisa. Suna ƙiyasta shi ne daga tsawo da nauyin mutum da lissafin Tønnesen, wanda aka daɗe da sanin yana rage zurfin. A 1993 Taylor da abokan aikinsa suka kawo wani lissafin daga hotunan CT, suka shigar da shekarun majiyyaci.

Ga misali. A lissafin Gates ana ninka kason da ƙodoji suka tara da 9.8127, a debe 6.825. Wanda ƙodojinsa suka tara kashi 10 cikin ɗari zai sami kusan mililita 91 a minti. In aka rage zurfin da santimita 1, kason ya koma 8.6, sakamakon ya faɗo 77. Ƙa'idar ƙungiyar KDIGO ta 2017 ta amince da mai ba da ƙoda da ya kai 90, wanda ke tsakanin 60 da 89 kuwa sai an duba lamarinsa a keɓe. Mutum ɗaya ne, ƙodarsa ba ta sauya ba, amma ya tsallaka daga wani rukuni zuwa wani. A ganin mai nazari, hoton gefe ko awon CT da ke hannu ya fi kowane ƙiyasi, musamman ga mai ƙiba ko wanda ƙodarsa ba ta zauna a mazauninta ba.

Allura da na'ura

Ana ƙirga sirinji kafin allura da bayanta, a nisa ɗaya daga kyamara. In hasken ya yi yawa kyamara takan kasa ƙirga shi duka, sai tacewar ta fito sama da gaskiya. In kuma maganin ya zube a ƙarƙashin fata maimakon jijiya, sai ta fito ƙasa. Shi ya sa ya kamata a ɗauki hoton hannun da aka soka kafin majiyyaci ya sauka daga gado. Aikin minti ɗaya ne, amma shi aka fi tsallakewa in layi ya yi tsawo. Teknishiyom-99m yana rasa rabin ƙarfinsa cikin awa 6, don haka a rubuta lokacin kowace ƙidaya. Kowace safiya a gwada daidaiton kyamara, a kuma duba ma'aunin allura da siziyom-137.

Shawara

Kyamara ta fi gwanancewa wajen nuna rabon aiki tsakanin ƙodar dama da ta hagu, inda kashi 45 zuwa 55 ke nuna lafiya. Inda ake buƙatar adadin tacewa na ainihi, kamar tantance mai ba da ƙoda ko ƙayyade maganin cutar kansa irin carboplatin, a ɗebi jini bayan awa 2 zuwa 4 da yin allurar a auna raguwar DTPA, a rubuta a rahoto hanyar da aka bi da yadda aka samo zurfin.