Yadda Ɗan Makaranta Ya Shiga Ƙagaggen Labarin Hausa

Duk wanda ya ɗauki littattafan hira na Hausa na farko ya karanta su bi da bi, in ya lura zai ga wani abin mamaki. Galibin waɗanda suka rubuta su 'yan makarantar boko ne, waɗanda aka rubuta dominsu kuwa su ma 'yan makaranta ne, amma a cikin labarun ba a ba ɗan makarantar boko wani matsayi ba. Akwai sarakuna da mayaƙa, akwai fatake da ɓarayi da aljannu, shi kuwa yaron da ke riƙe da littafin babu shi. Nufina a wannan takarda shi ne in bi sawun yadda aka yi ya daɗe a bakin ƙofa, da lokacin da ya shigo, da irin kayan da ya shigo da su.

A cikin shekarar 1933 ne Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labaru da Hausa, don a sami abin karantawa a makarantu. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar ɗinsu Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East kansa. To, mai karatu ya dubi shekarun mutanen nan. Imam an haife shi 1911, ya fita Kwalejin Katsina 1932. Tafawa Ɓalewa an haife shi 1912, ya fita 1933. Watau samari ne da ƙurar makarantar kwana ba ta ko bar ƙafarsu ba. Sun yi shekara biyar biyar nesa da gida, suna kwana da 'ya'yan sarakuna na larduna dabam dabam, ana koya musu Ingilishi da wasan kurket. Ga labari a hannunsu ɗanye shar. Amma da aka ce su rubuta, sai Imam ya aika da Alhaji Imam yawon duniya neman ruwan magani, shi da abokin gabarsa Malam Zurƙe, Tafawa Ɓalewa kuwa ya koma zamanin cinikin bayi. Ɗaliban da ke cikin Shaihu Umar almajiran zaure ne, aikinsu kawai su tambayi malaminsu asalinsa, sa'an nan su yi shiru su saurara.

Me ya kawo haka? East ya faɗi wahalar da ya sha kafin malamai su yarda ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilmi. Wanda kuwa ya yarda, abin koyin da ke gabansa tatsuniya ce da hikayoyin Larabawa irin na Dare Dubu da Ɗaya, inda labari ba ya zama labari sai ya yi nisa, ko nisan ƙasa ko na zamani. Abin da ya faru jiya a ɗakin kwanan ɗalibai hira ce, ba a ɓata tawada a kansa.

Akwai kuma sunan da makarantar ta ke ɗauke da shi. An daɗe ana cewa kalmar boko daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi aka aro ta. Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa ba haka ba ne, kalmar Hausa ce tun asali, ma'anarta abin da ba na gaskiya ba, abin yaudara. Shaida tana nan a bakin tsofaffi: amaryar boko ita ce wadda a ke lulluɓewa a hau da ita doki a madadin amarya ta ainihi. Mutumin da jama'a ke kiran ilminsa da wannan suna, da wuya ya tashi ya mai da kansa gwarzon labari. Daɗin daɗawa ga kunya. Littafin nan mahaifinsa zai ji labarinsa, malaminsa zai karanta, Sarki ma watakila a karanta masa. Ina saurayi zai sa fuskarsa in ya rubuta yadda ya ke ji game da wata yarinya? Yarinyar ma ba ta makarantar. Sai wajen 1930 Gwamnati ta buɗe wuraren koyar da 'yan mata a Kano da Katsina, waɗanda suka shiga kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Ko da ya ke haka ne, Jiki Magayi ya dasa wani iri. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana sonsa, sai mai dukiya Malam Shaihu ya shiga tsakani da kuɗinsa ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Babu makaranta a ciki, amma ga talaka, ga mai arziki, ga budurwa a tsakiya. Irin nan ya kwanta a ƙasa fiye da shekara arba'in kafin ya tsira sosai.

Shekarun da suka biyo ba sai mun tsaya a kansu da yawa ba. Magana Jari Ce ya fito daga 1937 zuwa 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a 1939, Hukumar NORLA ta yi aikin yaƙi da jahilci a shekarun 1950 har ta rushe a 1959, aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo a 1966. Masu karatu suka ƙaru, amma labari bai sake hanya ba. Har Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, ya gwammace ya kai yaro sararin samaniya da ya bar shi a aji.

Abin da ya juya al'amarin, a ganina, ba daga wajen marubuta ya taso ba. A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta. Yaran da a da ba a ko tunanin sa su boko, 'ya'yan manoma da na masu sana'a, maza da mata, suka cika azuzuwa. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: wanda ya shiga aji ɗaya a 1976 ya gama firamare a 1982, ya kai ƙarshen sakandare wajen 1987. A daidai waɗannan shekaru ne littattafan soyayya suka ɓarke a Kano. Kafin su, gasar NNPC ta fitar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, waɗanda suka nuna ana iya ɗora littafi sukutum a kan son da ke tsakanin saurayi da budurwa na wannan zamani. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya, sai matasan suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Labari guda a kan karkasa shi littafi na ɗaya, na biyu, na uku, kowane ɗan siriri wanda zai shige cikin littafin lissafi malami bai gani ba. Ni kaina a makarantar kwana na fara karanta su, kuma na tuna littafi ɗaya da ya zaga ɗakinmu har bangonsa ya fita, muka karance shi ba mu san sunansa ba.

Ita kalmar soyayya ta cancanci a dube ta. An gina ta daga so, da ɗafin nan -ayya wanda ke nuna aikin da ɓangare biyu ke yi wa juna, kamar jayayya da ƙiyayya da auratayya. Ke nan sunan da aka laƙaba wa littattafan ya riga ya ɗauki da'awarsu, cewa yarinya ma tana da nata so, ba abin da a ke bayarwa ba ce kawai. Abin da ya ba ta baki kuwa shi ne rubutu. A al'ada, zance a ƙofar gida a ke yinsa, da ƙanne suna leƙe, da 'yar aike mai iya ƙari ko ragi. Makaranta ta kawo wasiƙa, wadda ba ta da kunya, ba ta kuma bukatar izinin kowa. Shi ya sa wasiƙu suka cika littattafan nan, har masu karatu suka riƙa kwafe su suna aika wa nasu masoyan.

Makaranta ta yi wani aikin kuma. Ita ce wuri guda da ɗan mai unguwa da ɗan attajiri da ɗan mai faci ke sa tufa iri ɗaya su ci tuwo ɗaya. Amma da an yi hutu, wani mota ke zuwa ɗaukarsa, wani kuwa a bayan akori-kura zai koma. Marubutan sun ga wannan, suka gane takardar shaida ta sa talaka ya ɗaga ido ya dubi gidan da ubansa ba ya shiga sai da gaisuwa, alhali ba ta ba shi sadakin shiga ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, a kan wannan gaɓa ya tsaya: Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, gida na son ta auri Abdulƙadir mai kuɗi, har ta kai ta faɗa rijiya. Jiki Magayi ne ya dawo, sai dai yanzu yarinyar ce ke jan labarin. Malamai sun yi ta gardama a jaridu a shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi yana kiran abin adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu yana kare shi. Ni dai ina ganin masu suka sun yi gaskiya game da gaggawa da kurakuran rubutu, amma sun yi sakaci da abin da littattafan ke faɗa game da arziki da talauci.

Saura maganar begen ƙauye. A nan harshen kansa ya kafa wa marubuci shinge. Bahaushe ya daɗe da birni, kuma kalmominsa sun nuna inda ya karkata: baƙauye zagi ne, ƙauyanci aibi ne, wayewa kuwa a birni a ke samunta. Wanda ke son ya yabi ƙauye sai ya kauce ya ce karkara, ko ya ce gida. Duk da haka begen ya shigo, ta hanyar gargaɗi. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, labarin saurayi ne da ya bar ƙauye ya tafi birni neman arziki ya faɗa cikin miyagu. Ƙauye a irin wannan labari wurin tsira ne, inda mutunci ya ke. Haka kuma ɗalibin da ke kewar furar mahaifiyarsa da hirar dandali da ƙamshin ƙasa a ruwan farko, yawanci namiji ne, wanda ya bar ƙauye da albarkar iyaye, kuma in ya koma hutu za a shimfiɗa masa tabarma.

Mata ba haka suka tuna da shi ba. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, an cire Abu daga makaranta tana yarinya, saurayin da ya yi boko ya guje ta don ba ta da ilmi, aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma. Tsirarta ita ce ta gudu birni ta koma karatu. Marubuciyar kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta yi karatun manya. Ƙauyen da wancan ke bege, shi wannan ke gudu, kuma duka biyu 'yan makaranta ne ke magana.

Gajeren labari na ainihi, wanda a ke karancewa a zama ɗaya, ya sami babban dandali a 2016, sa'ad da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata. Waɗanda suka shiga, da yawansu 'ya'ya ne ko ƙannen masu karanta littattafan soyayya na da, wasunsu ɗaliban jami'a. Labarin da ya zo na ɗaya a shekarar farko shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu. A cikinsa gida ba wurin da a ke komawa hutu ba ne, wuri ne da aka kore ka daga cikinsa, kalmar boko kuwa ta sake shigowa labarin Hausa ta wata ƙofa da Dokta East da samarin Kwalejin Katsina ba su taɓa zato ba.