Duwatsun Tunawa: Abin da Tsofaffin Takardu Suka Faɗa Game da Farkon ECWA

Karatu: Joshuwa 4:1-9

Da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji ya umarce su su ɗauki duwatsu goma sha biyu su kafa, domin ranar da 'ya'yansu za su yi tambaya a sami abin nuna musu. Ikilisiya ma tana da irin waɗannan duwatsu: wasiƙu, rahotanni, littattafan baftisma da bayanan taron dattawa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tono mana su shi ne Farfesa Yusufu Turaki, malamin tauhidi a makarantar JETS da ke Jos, wanda ya taɓa zama Babban Sakataren ECWA. Ya bi takardun mishan na SIM da na gwamnatin Turawan mulkin mallaka, ya rubuta tarihin shekara ɗari na SIM da ECWA, daga 1893 zuwa 1993.

Farkon labarin ba mai daɗi ba ne. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas: Walter Gowans, Rowland Bingham da Thomas Kent. Burinsu su kai bishara can cikin ƙasar da ake kira Sudan a wancan zamani, har da ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, ta wajen Zariya, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Pategi.

Kano kuwa ta daɗe a rufe. A 1900 Bishop Tugwell na CMS ya iso da ayarinsa, cikinsu har da Likita Walter Miller, amma Sarki Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba. Bayan Turawa sun ci ƙasar, su ma sun taƙaita aikin 'yan mishan a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna na ƙin tsoma baki cikin addini. Ƙofa ta fara buɗewa a shekarun 1930, kuma ta hanyar jinya ce: kula da masu cutar kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, a 1954 kuma ikilisiyoyin da aikin SIM ya haifa suka haɗu suka zama ECWA.

Amma ga abin lura. Yawancin waɗannan takardu 'yan mishan da jami'an gwamnati ne suka rubuta su, don haka sunayensu ne suka fi fitowa. Masu bishara 'yan ƙasa da suka taka ƙauyuka da ƙafa, da masu ba da magani, da majinyatan da suka koyi karatu suka koma garuruwansu da Littafi a hannu, sau da yawa ambatonsu kaɗan ne. Shi ya sa masaniyar tarihi Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a arewacin Najeriya, ta haɗa binciken takardu da hira da mutanen da suka ga abin da idonsu.

To, mu fa matasan Hotoro, Tarauni da Gyadi-Gyadi? Wa ya fara taron addu'a da ya zama majami'armu? A ɗakin wa aka yi? Wace uwa ce ta kafa zumuntar mata? Amsoshin suna bakin dattawan da ke zaune a kujerun gaba kowace Lahadi, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani sashe nasu. Tsofaffin littattafan kuma gara da ruwan damina ba sa jiran kowa.

Kowa yana da waya a aljihu. A wannan wata, mu nemi izinin Fasto da dattawa mu ɗauki hoton tsofaffin littattafan ikilisiya, shafi bayan shafi. Mu je biyu biyu gidan Baba ko Mama, mu gaishe su, mu naɗi muryarsu da yardarsu, mu rubuta sunaye da shekaru daidai.

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin bayinka da aka rubuta sunayensu da waɗanda kai kaɗai ka san su. Ka ba mu himmar adana shaidarsu domin masu zuwa bayanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.