Shekara ɗari jirage suna wucewa ta kan Dala: wa zai ci abinci da marar matuƙi?

Yanzu a Kano da wuya a yi bikin manya ko taron siyasa ba ka ji wani abu yana ƙugi a saman kanka kamar taron ƙudan zuma ba. Jirgi marar matuƙi ke nan, wanda yara ke kira duron. Tallar koyar da tuƙa shi ma ta cika Facebook da WhatsApp: sati biyu, a ba ka satifiket, wai ka shiga sana'ar gobe. Abokan aiki biyu sun tambaye ni ko su biya wa 'ya'yansu kuɗin irin wannan kwas. Amsar da na ba su a tsaye ta yi gajarta, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri, don sai mun koma baya shekara ɗari.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki da ke bayan gari. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi. Wannan saukar ce ake lissafawa a matsayin mafarin harkar jiragen sama a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, sai Turawa suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a haɗa su a can, su taso su ya da zango a Kano da Maiduguri kafin su wuce fagen daga a Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Bayan yaƙi KLM ya fara sauka a 1947. Kai, har hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka yi magana da John Glenn lokacin da ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962.

To a duk wannan, mu ina muke? Kakanninmu sun share fili, sun yi dako, sun yi gadi, sun sayar wa baƙi jakunkunan fata da takalman Dukawa. Halak ɗinsu suka nema, babu abin kunya a ciki. Amma wanda ke buɗe injin, da mai karanta yanayin iska, da mai magana da matuƙi ta rediyo, galibi daga wani wuri aka zo da su. Sai a 1964 aka kafa kwalejin koyon harkar jiragen sama ta Zariya. Daga baya attajiranmu suka shigo, Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, alhazai suka yi ta tashi daga nan. Mun mallaki jirage, mun samu matuƙa 'yan gida, ga makarantar horar da matuƙan sojan sama a nan Kano. Duk da haka in babban gyara ya taso, shekara da shekaru sai dai a kai jirgin ƙasar waje a biya da dala.

Akwai wani ilmi ɗaya da ya zo tare da Turawa wanda Kanawa suka kama da wuri, kuma ni a ganina shi ne kakan sana'ar duron, ba tuƙin jirgi ba. Awon ƙasa nake nufi. A 1909 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, inda gidansa yake har yau. Ban da karatun boko da sana'o'in hannu, an koya wa wasu malamai lissafi da awo. A zamanin ne aka samu waɗanda ake kira malaman taki. Malami zai bi iyakar gona yana ƙirga takunsa, tsawo da faɗi, ya rubuta a littafi, da wannan lissafin za a yanka wa mai gona haraji. Manoma ba su murnar ganinsu, kuma ba sai an faɗa ba, wanda ke riƙe da littafin awo yana iya ƙara maka taku goma ko ya rage, ya danganta da tsoron Allahnsa. Daga baya En'e ta Kano ta samu ofishin safiyo da kayan awo na sosai. Abin lura a nan, tafiyar ƙasa kowa ya iya ta. Abin da ya mai da malamin taki ma'aikaci mai albashi shi ne ya iya juya takun nan ya koma lissafi, lissafin ya koma takarda da hukuma za ta tsaya a kanta.

Haka duron yake. Ɗaga shi sama da rimot, yaron da ya saba wasan gem a waya zai iya cikin kwana uku. Na zamani ma da kansu suke tsayawa cak a iska, su komo inda suka tashi in batir ya yi ƙasa. Kuɗin yana ga abin da ke biyo bayan sauka. Wanda zai auna fili da duron sai ya tsara layin da jirgin zai bi, ya sa hotuna su hau kan juna, kowane hoto ya maimaita kusan kashi uku cikin huɗu na wanda ya gabace shi. Sai ya kafa alamomi a ƙasa, ya ɗauki ainihin matsayinsu da na'urar GPS ta safiyo, in ba haka ba taswirar za ta yi kyau a ido amma ta goce da mita biyu ko uku. A cikin birni kuwa, inda ake zuwa kotun shari'a a kan kamu ɗaya na katanga tsakanin magada, mita biyu ɗaki guda ne. Bayan nan a zuba ɗaruruwan hotunan a kwamfuta, manhaja ta ɗinke su su zama taswira ɗaya. Akwai manhajoji na kyauta irin su QGIS da OpenDroneMap, amma ba sa aiki a hannun wanda ya gudu daga ajin lissafi da jogarafi. Kuma ko ka gama, doka ba ta karɓar taswirar fili sai da sa hannun safiyo mai rajista da hukumar SURCON. Kun ga ke nan yaron da ya yi difloma ko digiri a kan safiyo, ya ƙara da duron a kai, ya yi wa mai satifiket ɗin sati biyu nisan da ba zai kamo shi ba.

Misalin Zipline ya isa a gane. Kamfanin ya fara kai jini asibitoci da jirage marasa matuƙi a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, ya fara aiki a Jihar Kaduna a 2022 daga cibiyarsa ta Pambegua. Babu wanda ke zaune da rimot yana tuƙa waɗannan jiragen, kwamfuta ke kai su ta dawo da su. Ma'aikatan da ake bukata su ne masu ilmin magunguna da adana rigakafi a sanyi, da kanikawan da ke duba fiffike da batir, da masu sa ido a kan zirga-zirga suna daidaitawa da hukumomin sararin sama.

Maganar kanikanci ta fi ba ni takaici, don nan ne muke da hannu amma ba mu da tsari. Wasu za su tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da na babur da injin Honda Civic. Bai tashi sama da ƙafa bakwai ba, amma kafafen labarai na duniya sun ɗauka, mu kuma muka yi kallo muka watse. Garin da ke da maƙera tun zamanin da ake narka tama a gindin Dala, garin da yaran Farm Centre da Beirut Road ke farke waya su canja abin da ido da ƙyar yake gani, bai kamata a ce duron ya faɗi an rasa mai gyara shi ba. Yanayinmu ma kansa yana samar wa bakanike aiki. Ƙurar hunturu tana shiga ƙananan injinan farfela da mariƙin kyamara. Zafin bazara yana kumbura batir, wanda dama minti ashirin zuwa talatin yake yi a sama, kuma irin batirin nan in ya huje yana kama wuta. Yaron da ya yi shekara uku a gaban mai gyaran waya, in aka ƙara masa ilmin lantarki a rubuce da Turancin karanta littafin na'ura, ya fi kusa da wannan sana'a fiye da yadda yake zato.

A ɓangaren ƙira, sojan sama sun taɓuka. Cibiyarsu ta fasaha da ke Kaduna, AFIT, ta fara da wanda ta kira Amebo, sannan Gulma da Shugaba Jonathan ya ƙaddamar a Disamba 2013, sannan Tsaigumi da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairu 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Ku dubi sunayen dai: Amebo, Gulma, Tsegumi. Duk wanda ya raɗa su ya san aikin abin, leƙe ne da kai rahoto. Waɗanda suka ƙera su kuwa injiniyoyi ne da aka tura karatu mai zurfi, wasu har Jami'ar Cranfield ta Ingila.

Tunda an zo maganar leƙe, bari in faɗi abin da ban taɓa gani a tallar masu kwas ba. Gidan cikin birni a buɗe yake ta sama. Zaure da soro da katanga duk an yi su ne don kare tsakar gida daga idon mai wucewa ta ƙasa. Mun taso mun ga in magini zai hau rufin ɗaki sai an aika maƙwabta a ce za a hau sama, mata su kintsa. Yau yaro zai tsaya a Mandawari ya ɗaga kyamara, tsakar gidajen unguwa guda suna tafin hannunsa, ba sallama ba aike. Wannan ba a manhaja ake koyonsa ba, kuma ranar da ya jawo fitina ba satifiket ne zai raba ba.

Sai doka. Tun 2016 hukumar NCAA ta hana tashin jirgi marar matuƙi ba da izininta ba, kuma mai son yin sana'a da shi sai ya bi ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro an tantance shi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce ƙafa 400 a sama, kada ya ɓace wa idon mai tuƙa shi, kada ya kusanci filin jirgi. To daga Dala zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano tafiyar minti nawa ce? Yawancin masu ɗaukar biki ba su ma san suna cikin hurumin hasumiyar filin jirgi ba. Duk makarantar da ba ta fara da wannan darasi ba, kuɗinku kawai take so.

Mafi nauyi a cikin sana'ar shi ne karanta hoto. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, mutanen gari sun ce sun fi haka. Rundunar ta amsa cewa nata ne, an ɗauka 'yan bindiga ne. Allah Ya jiƙansu da rahama. Jirgin ya tashi lafiya, ya kai inda aka aike shi. Wani ɗan Adam ne ya kalli allo, ya ga taron mutane da dare, ya fassara. Da a ɗakin akwai wanda ya san yadda ƙauyukanmu ke raya dare da Mauludi, kuma yana da bakin da za a saurara, Allah kaɗai Ya san yadda za ta kasance. Sanin ƙasa da mutanenta yana cikin horon, ko ga mai duba gonar shinkafa a Kadawa da zai bambance cuta da ƙarancin taki daga launin ganye.

Saboda haka abin da na ce wa abokan aikina shi ne kada su fara da sayen duron ko biyan kwas. Yaro ya fara riƙe wata sana'a da ƙafarta ke ƙasa: safiyo, aikin gona, injiniyan lantarki, ɗaukar fim, ko ilmin taswira. Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kaduna Poly duk suna da irin waɗannan sassa. A nan Kano ƙungiyar eHealth Africa ta yi shekaru tana aikin taswirar garuruwa da ƙauyuka don rigakafin shan inna, wato akwai 'yan gida da suka riga suka iya aikin, kuma hukumar KANGIS mai rajistar filaye irin mutanen da take bukata ke nan. In tushen ya kafu, tuƙin da lasisin abu ne na 'yan watanni.

Wurin gwaji ma ba sai an je nesa ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 tana zaizayewa, an ci wani wuri da gini, an kwashe ƙasar wani wuri. Kududdufan da ke shanye ruwan birni ana ta cike su, shi ya sa duk damina lunguna ke zama rafi. Da wata jami'a za ta nemi izini yadda ya kamata, ta sanar da masu unguwanni, ta ba 'yan ajin ƙarshe aikin auna abin da ya rage na badala daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Ɗan'agundi, a maimaita duk shekara, da an samu ɗalibai masu aikin nunawa a hannu, hukuma kuma ta samu hujjar da za ta riƙe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba.