Ƙananan motocin jif da tafiyar daji

Ƙananan motocin jif, waɗanda masu ƙera motoci ke kira crossover, sun zama ruwan dare a titunan duniya, kuma ana ƙara samun masu yawon buɗe ido da ke shiga daji da hamada da su. Sai dai nisan da irin wannan mota za ta iya kaiwa ya dogara ne a kan yadda aka zaɓe ta, da kuma nauyin da aka ɗora mata.

Wace irin mota ce?

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fitar da RAV4 a shekarar 1994, Honda ya biyo baya da CR-V a 1995, sannan Subaru ya fito da Forester a 1997. A Turai kuma Dacia Duster ta shigo kasuwa a 2010.

Abin da ya bambanta su da manyan motocin daji irin su Land Cruiser da Hilux shi ne ƙira. Manyan ana ɗora jikinsu ne a kan ƙaƙƙarfan gadon ƙarfe mai kama da tsani, su kuwa ƙananan jiki da gado a haɗe suke, kamar na motar gida. Wannan ne ya sa ba su da nauyi kuma ba su shan mai sosai, amma ba su jure dukan gargada na tsawon kwanaki kamar manyan.

Suzuki Jimny, wadda aka fara ƙerawa a 1970, ta fita daban. Duk da ƙanƙantarta, ƙirar manyan motocin daji gare ta.

Me ake dubawa wajen zaɓe?

Abu na farko shi ne ko motar na ja da ƙafa huɗu. Da dama daga cikin RAV4 da CR-V da ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai zuwa Najeriya da Nijar da ƙafafun gaba kaɗai suke ja, ko da yake a ido ba su da bambanci da sauran. Leƙa ƙarƙashin mota ne ke raba gardama: idan babu sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafafun baya, to galibi ba mai ƙafa huɗu ba ce.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa. Forester na da kimanin santimita 22, Duster da Jimny kuma wajen 21. Motar da ta gaza santimita 20 za ta riƙa dukan duwatsu da tudun da ke tsakiyar hanya.

Na uku shi ne giya. Akasarin waɗannan motoci ba su da ƙaramar giyar nan ta musamman da ke ba mota damar hawa tudu ko ratsa taɓo sannu a hankali da cikakken ƙarfi. A cikin yashi mai zurfi, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya kan yi zafi, ta daina aiki sai ta huce. Masu ƙera Duster sun rage wannan matsala ta hanyar gajarta giya ta ɗaya, dabarar da Fiat ya yi amfani da ita a Panda mai ƙafa huɗu tun 1983.

Akwai kuma batun kayan gyara. Motar da bakaniken ƙaramin gari ya san injinta ta fi wadda sai an yi odar kayanta daga ƙetare.

Kayan da ake ƙara mata

Taya ce kan gaba. Tayar da aka yi domin kwalta da burji duka, mai kaurin gefe, ta fi jure ƙaya da tsinin dutse. Wasu daga cikin motocin kan zo da siririyar safaya ta wucin gadi, wadda wajibi ne a musanya ta da cikakkiya.

Bayan taya sai farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin injin da tankin mai, domin dutse ɗaya ya isa ya huda kaskon baƙin mai ya kawo ƙarshen tafiya.

Ana iya ɗaga motar da santimita uku zuwa biyar, amma wuce haka na saurin cinye gaɓoɓin da ke juya ƙafafu.

Sauran kayan sun haɗa da shebur, da igiyar ja, da jak tare da katakon da zai zauna a kai, da allunan da ake shimfiɗawa a gaban taya idan mota ta kafe. Famfo ma dole ne, domin a cikin yashi akan rage iskar taya zuwa kusan rabi, sannan a mayar da ita da zarar an hau ƙasa mai tauri.

Matsalar nauyi

A nan ne akasarin matafiya ke kuskure. Irin waɗannan motoci kan ɗauki kilo 400 zuwa 600 ne kawai, har da mutanen da ke ciki.

Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, ta fetur kuma wajen kilo 15 ban da nauyin jarkar kanta. Mutum biyu da jarkoki shida da safaya ta biyu da tanti da abinci sun kusa cinye adadin baki ɗaya. Ga shi kuma yashi mai laushi na iya ninka man da mota ke sha.

Rufin mota ma yana da iyakarsa, galibi ƙasa da kilo 100 idan ana tafiya. Kaya masu nauyi a sama na sa mota ta yi saurin kifewa, don haka ruwa da mai a ƙasa ake ajiye su, tsakanin ƙafafun gaba da na baya.

Ina iyakarta?

Tarihi ya nuna cewa ƙaramar mota na iya yin nisa. A gasar Paris zuwa Dakar ta 1980, 'yan'uwan nan biyu Faransawa, Claude da Bernard Marreau, sun zo na uku a cikin Renault 4 da aka mayar mai ƙafa huɗu. A gasar Mongol Rally kuma, wadda aka fara a 2004, an riƙa tashi daga Landan zuwa Mongoliya da motoci masu ƙaramin injin.

To amma waɗannan tafiye-tafiye ne da aka tsara. A hamadar Tenere, tsakanin Agadez da Bilma, inda ake shafe ɗaruruwan kilomitoci babu gidan mai, Hilux da Land Cruiser ne suka mamaye hanya, kuma a ayari ake tafiya tare da ja-gora.

Ƙaramar jif ta fi dacewa da hanyoyin burji da na karkara da gefen hamada. Ko a can ɗin ma, ƙa'idar da matafiyan daji suka daɗe da ita ba ta sauya ba: ba a shiga da mota ɗaya, kuma akan sanar da wani hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran dawowa.