Idan jami'in tsaro ya wuce gona da iri: abin da doka ta tanada da inda ake kai kuka

Doka ta ba ɗan sanda, jandarma da gardi damar amfani da ƙarfi, amma da iyaka. Iyakar ita ce, sai in babu wata hanya, kuma ƙarfin ya zama daidai da abin da ke gabansa. Ɓarawon da ke kokawa da jami'i a kasuwa, ana iya danne shi a sa mishi ankwa. Da an sa ankwar, magana ta ƙare. Duk marin da ya biyo baya, duk kulkin da ya sauka a kansa, wannan ba aikin tsaro ba ne, duka ne, kuma duka laifi ne ko wa ya yi shi. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Havana a 1990 sun ce ba a harbin mutum da niyyar kisa sai don ceton rai.

Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa a 1998, kuma a 2020 aka gyara kundin hukunta laifuffuka, aka sa azabtarwa ta zama laifi mai zaman kansa. Jami'i ba zai fake da cewa babbansa ne ya ba shi umarni ba.

Abubuwa biyu da suka faru a Yamai sun isa a gane yadda lamarin ke tafiya. Ran 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibou, jami'an tsaro sun buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy. Hukuma ta ce ɗalibai 3 suka rasu. Har yau kowace shekara ƙungiyar ɗalibai ta USN tana tunawa da wannan rana, tana neman a hukunta masu hannu a ciki. Na biyu shi ne zanga-zangar 10 ga Afrilun 2017 a jami'ar Abdou Moumouni, inda ɗalibi ɗaya ya rasa ransa. Bayan ranar sai wani bidiyo ya bazu a wayoyi, ana ganin ƴan sanda suna jibgar wani ɗalibi a bayan mota. Aka kama uku daga cikinsu, a watan Agusta kotun Yamai ta ɗaure su shekara ɗaya, ta kuma ce a biya diyyar miliyan 15 na CFA. Wasu sun ce hukuncin ya yi kaɗan, kuma suna da hujja. Amma an yi shari'ar, kuma abin da ya kai ta gaban alƙali shi ne shaidar da ba a iya musu.

To, a ƙauye ba kullum ake samun mai ɗaukar bidiyo ba. Shaidar da ta fi kusa da talaka ita ce takardar likita. Wanda aka buga ya tafi asibiti a ranar, ko washegari, kafin kumburi ya saɓe. Ya roƙi likita ya rubuta raunukan ɗaya bayan ɗaya, da kwanakin da ba zai iya aiki ba, domin da waɗannan kwanaki kotu ke auna girman laifin. A ɗauki hoton raunin da waya, a tura wa wani ɗan uwa don kada ya ɓace. A rubuta rana, lokaci, wuri, lambar mota in an gani, da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Rigar da ta yage ko ta ɓaci da jini, kada a wanke ta. Mutane da yawa sai sun yi sati biyu ana gasa musu jiki a gida kana su tuna da asibiti, lokacin kuwa babu abin da likita zai gani.

Wanda aka tsare a komisariya ko a birgadi ma yana da haƙƙi. A laifuffuka na yau da kullum tsarewar awa 48 ce, ba a ƙara wasu 48 sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato procureur. Shari'ar ta'addanci tana da nata wa'adin dabam, wanda ya fi tsawo. Wanda aka tsare yana da damar ganin lauya, kuma in za a kai shi gaban procureur, doka ta ce a haɗa shi da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarsa ba. In an buge shi, nan ne wurin faɗa, tun a zaman farko.

Ba dole ba ne a kai ƙara a ofishin da aka yi dukan. Ana rubuta ta kai tsaye zuwa ga procureur na kotun yankin, domin shi ne ke sa ido kan aikin bincike na ƴan sanda da jandarmomi. In ya ajiye takardar bai bi ta ba, akwai hanya ta biyu: a shigar da ƙara wajen alƙali mai bincike a matsayin mai neman diyya, sai dai akan nemi a ajiye wasu kuɗi tukuna. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a, a manyan kotuna irin na Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ma tana ba da shawara.

Ban da kotu, akwai horo na cikin gida: dakatarwa, rage girma ko kora. Ƴan sanda da gardi suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi kuwa ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, don haka a san inda za a aika takarda. Sauya wa jami'i wurin aiki ba ya hana a gurfanar da shi. Kotun CEDEAO da ke Abuja, wadda a da ƴan Nijar ke iya kai ƙarar gwamnati gabanta, kada a dogara da ita yanzu, tunda ƙasar ta fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairun 2025.

Sau tari dattijai kan shiga tsakani, a ce a yi haƙuri, a biya kuɗin magani. Wannan ruwan mai rauni ne, shi ya san ciwon jikinsa. Sai dai ko za a sasanta, a fara karɓo takardar likita a ajiye. Ƴan uwa da ke Kano, Agadas ko Libiya masu aiko da kuɗi, in aka kira ku kan irin wannan, kuɗin farko ya tafi wajen likita da motar zuwa kotu.