Aikatau Mataimaki da Bayanau a Turanci

A Turanci akwai wasu ƙananan aikatau guda 9, irin su can, may, must da will, masu nuna iyawa, yiwuwa ko tilas. Bayanau kan zauna tsakaninsu da babban aikatau, kamar a "She will probably come", wato mai yiwuwa ta zo.

Idan an kore zancen, wurin zaman bayanau na iya sauyawa. Bature zai ce "She probably won't come", bayanau ya tsallako gaba.

Wasu haɗe-haɗen waɗannan aikatau da bayanau kuwa sun riƙe ma'anar kansu. May well na ƙarfafa zato, amma might as well na nufin gara a yi, tunda babu abin da ya fi. Can hardly kuma korewa ce a ɓoye, shi ya sa ba a ƙara mata not, kodayake ɗalibai sukan yi tuntuɓe a nan.