Mubalaga a Ma'aunin Malaman Balaga: Taƙaitaccen Tarihi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, babu wanda ya kuɓuta daga mubalaga, wato kambama abu fiye da yadda yake. Uwa takan ce wa ɗanta ta kira shi sau dubu, mai azumi ya ce ƙishirwa ta kashe shi, wanda ya dawo daga taro ya ce wurin ba masaka tsinke. Ba mai ce musu maƙaryata, domin mai magana da mai sauraro duk sun san abin da ake nufi. Amma da zarar an shiga fagen waƙa da madahu sai gardama ta tashi, alhali magabata sun daɗe da ajiye mata ma'auni.

An ruwaito cewa a kasuwar Ukazu, kafin Musulunci, Nabiga ya soki wani baitin alfahari na Hassanu ɗan Sabitu, saboda ya ambaci akusan mutanensa da takubbansu da sigar jam'in da ke nuna kaɗan. A ganin Nabiga, mai alfahari ba ya rage kayansa. Daga baya Ibnul Mu'utazzi ya wallafa Kitabul Badi'i a shekara ta 274 Hijira (887 Miladiyya), ya lissafa wuce iyaka wajen siffantawa cikin abubuwan da ke ƙawata zance. Sai Ƙudama ɗan Ja'afaru, wanda ya rasu a 337 Hijira (948), ya fito fili a Naƙdush Shi'iri ya goyi bayan masu kambamawa, yana ganin cewa manufarsu kai siffa matuƙarta ce, kamar yadda ake buga misali.

A cikin Talkhisul Miftahi na Alkhaɗibul Ƙazwini, wanda ya rasu a 739 Hijira (1338), an kasa mubalaga gida uku. Idan abin da aka faɗa zai yiwu a hankali da al'ada, sunansa tabligi. Idan zai yiwu a hankali amma ba a saba ganinsa ba, igraƙi ke nan. Waɗannan biyun karɓaɓɓu ne. Idan kuwa hankali da al'ada duk sun kore shi, ya zama guluwwi, kuma ba a karɓarsa sai da sharaɗi: ko a shigar da kalmar da za ta kusanto da shi ga gaskiya, kamar "ya kusa", ko ya ƙunshi kyakkyawan surantawa, ko ya fito a sigar raha. Hujjar sharaɗin farko tana cikin Suratun Nuri, aya ta 35, inda aka siffanta man zaitun da cewa ya kusa haskakawa ko da wuta ba ta taɓa shi ba. Wannan rabon ne ya iso zaurukanmu ta hanyar Uƙudul Jumani na Suyuɗi da Jauharul Maknuni na Al'akhdari.

A sunna ma akwai shaida. Muslim ya ruwaito cewa da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawara kan masu neman aurenta, Manzon Allah (SAW) ya siffanta Abu Jahmi da cewa ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa. Sananne ne yana ajiye ta lokacin barci da cin abinci, shi ya sa Imam Nawawi ya kafa hujja da hadisin kan halaccin irin wannan salo.

Sai dai tarihi ya adana sunayen waɗanda suka zarce. Malamai sun ƙi baitin da Abu Nuwasi ya yabi Haruna Rashidu da cewa har waɗanda ba a halitta ba suna tsoronsa. Sun fi tsananta wa Ibnu Hani'in Andalusi, wanda ya rasu a 362 Hijira (973), domin ya jingina wa halifa Almu'izzu siffofin da Allah kaɗai ke da su. Bukhari kuma ya ruwaito hanin Annabi (SAW) ga zuzuta shi irin yadda Nasara suka yi wa Annabi Isa. Imam Busiri ya tsaya a kan wannan iyakar a cikin Burda, ya ware allantaka gefe guda, sannan ya saki linzamin yabo.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, haƙƙi biyu ne a kanmu. Sha'iri da mai bege su auna lafazinsu, su san cewa shauƙi ba ya halatta bai wa bawa abin da yake na Ubangiji. Mai sauraro kuma kada ya yi gaggawar jifan Musulmi da ƙarya ko shirka a kan baitin da bai san babinsa a balaga ba. Ya fara tambayar masana tukuna. Ɗalibanmu su koma ga waɗannan littattafai a gaban malamai, domin da su ake rarrabe adon magana da ɓarnar aƙida.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya ƙara mana son Manzonsa bisa ilimi da ladabi, Ya maimaita mana wannan taro cikin aminci. Amin.